Highbury: shekara 93 unguwa na goye da filin Arsenal har goyon ya fi ƙarfin zani

Duk wanda ya fara kallon ƙwallon Turai a gidan kallo kafin 2006 ya san hoton nan ko da sunan wajen ya kwanta masa, kyamara na can ƙasa-ƙasa kamar a kan benci aka ɗora ta, 'yan kallo sun matso har bakin layi ta yadda in ɗan wasa zai yi jifa sai kaga kamar wani zai miƙa hannu ya riƙe masa riga, ga wani ƙaton agogo a saman rumfar da ke bayan raga. To wannan shine Highbury, gidan Arsenal daga 1913 zuwa 2006.

Abun da yasa na ɗauko zancen, kwanaki muna zaune a majalisa wani ƙanena da bai taɓa ganin an taka leda a filin ba yake cemin Yaya ni fa banga abun jimami ba, sabon filinsu Emirates ya fi girma ya fi kyau ya fi kawo kuɗi. Kuma gaskiya ya faɗa, duka ukun haka suke. Amma tun ranar abun ke cina a rai, don labarin ya wuce nan. Abun da ya ba Highbury martabarsa, wato zamansa a tsakiyar unguwa gida na jingine da gida, shi ɗin ne dai ya zo ya ci shi, sannan a ganina rasuwar filin ta fara tun shekara goma sha huɗu kafin ranar da aka yi masa bankwana.

Da farko ma Arsenal baƙi ne a arewacin Landan, da yawan magoya baya a nan wajenmu basu san haka ba. A 1886 ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati da ke Woolwich, can kudu maso gabashin birnin a ƙetaren kogin Thames, su suka kafa kulob ɗin, shi yasa har gobe igwa ce a tambarinsu. Filinsu na lokacin, Manor Ground a Plumstead, yana can gefen gari inda zuwa ke da wahala, 'yan kallo basa cika shi, aljihu ya bushe har kulob ya karye a 1910. Sai wani attajiri mai harkar gine-gine, Henry Norris, wanda dama shi ke riƙe da Fulham, ya karɓe shi. Ya so ya haɗe kulob biyun su zama ɗaya hukumar gasar tace bata yarda ba. A kakar 1912-13 wasa uku kacal Arsenal taci cikin 38, ta gangara rukuni na biyu, Norris yace zaman nan ba zai yiwu ba, dole a je inda mutane suke da yawa kuma jirgin ƙasa ke kaiwa.

Wajen da ya samo filin motsa jiki ne na wata makarantar horar da limaman coci, St John's, a unguwar Highbury cikin ƙaramar hukumar Islington. Haya aka basu ta shekara 21 a kan fam 20,000, kuma da sharuɗa irin na masu addini, ba wasa ranar Kirsimeti, ba wasa ranar Juma'ar da ke gaban Ista, ba sayar da giya a harabar. Sai a 1925 da kulob ya biya fam 64,000 ya mallaki wajen sannan sharuɗan suka faɗi. Su kuwa mazauna unguwar tun farko basu yi maraba ba, sun rattaba hannu a takardar koke cewa za a kawo musu hayaniya da 'yan iska a karya darajar gidajensu, Tottenham da Clapton Orient suma suka tada jijiyar wuya cewa an shigo musu gona. Duk a banza. Archibald Leitch, ɗan Sikotland ɗin nan da ya zana filaye da dama a Birtaniya, shi ya zana wannan ma, aka gina shi a gurguje cikin 'yan watanni, ranar 6 ga Satumba 1913 aka buga wasan farko da Leicester Fosse ginin ma bai kammala ba, Arsenal taci 2-1. Gabar da ke tsakaninsu da Tottenham daga nan ta samo asali, sai 1919 ta ƙara zuba mata fetur lokacin da aka faɗaɗa rukunin farko, aka kaɗa ƙuri'a Arsenal da ta ƙare ta biyar a rukuni na biyu ta hau, Tottenham ta sauka.

Kaga kenan neman kuɗi ne ya kawo su Highbury, kamar yadda neman kuɗi ya fitar dasu. Masu cewa kulob ya sayar da asalinsa a 2006 ya kamata su tuna mutanen Woolwich ma haka suka faɗa a 1913.

Wanda ya maida filin abun alfahari shine Herbert Chapman, kocin da aka ɗauko daga Huddersfield a 1925. Mutumin nan tunaninsa ya wuce zamaninsa nesa ba kusa ba. Ya ci musu kofin FA a 1930 da gasar lig a 1931 da 1933, amma ni abun da yafi burge ni shine yadda ya gane cewa fili da unguwa abu ɗaya ne. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke bakin filin sunanta Gillespie Road, ya dinga matsa wa kamfanin jirgin lamba har a 1932 aka canza mata suna zuwa Arsenal, ka duba fa, a sake taswira a sake tikiti a sake alluna duk saboda kulob ɗin ƙwallo. Ya kafa agogo mai ƙirga minti 45 don 'yan kallo su san saura nawa a tashi, hukumar ƙwallon Ingila tace hakan raina alƙalin wasa ne, sai aka maida shi agogo na yau da kullum, daga baya aka kai shi kudancin filin, ɓangaren ya samu sunan da kowa ya sani, Clock End. Chapman bai ga ƙarshen aikinsa ba, ciwon sanyin haƙarƙari ya ɗauke shi a watan Janairun 1934 ana tsakiyar kaka.

A shekarun nan ne aka gina rumfuna biyun da suka zama fuskar Highbury. Ta yamma a 1932, ta gabas a 1936 a kan fam 130,000, kuɗin da a lokacin ya girgiza mutane don ƙasar na cikin matsin tattalin arziki. Claude Waterlow Ferrier da William Binnie ne masu zanen. Rumfar gabas ɗin in ka tsaya a titin Avenell Road ka kalle ta ba zaka ce filin ƙwallo bane, kamar wani babban otal ko banki, farin bango dogo, tagogi masu jan ƙarfe a jere, an rubuta ARSENAL STADIUM da jan harafi ga igwa a ƙasa, kana shiga kuma sai zauren da ake wa laƙabi da zauren marmara, da mutum-mutumin kan Chapman na tagulla da Jacob Epstein ya ƙera yana fuskantar ƙofa. Ɗakin canza kayan 'yan wasa har ɗumama daɓensa ake daga ƙasa. A zamanin da sauran kulob ke tara mutane ƙarƙashin kwano da katako, Arsenal ta gina abun da ke cewa ƙwallon talaka ma ta cancanci gini na mutunci. Ita kuwa rumfar yamma ko fuska bata da ita a titi, gidajen mutane sun tare ta, ta wata ƙofa a tsakanin gidajen titin Highbury Hill ake kutsawa.

Abubuwan da suka faru a wannan ɗan fili suna da yawa, bari in tsakuro kaɗan. Wasan lig na farko da aka watsa kai tsaye a rediyo a Ingila nan aka yi shi, Janairun 1927 da Sheffield United, haka ma karon farko da BBC ta nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin a Satumban 1937, Arsenal da 'yan benci nata. Ranar 9 ga Maris 1935 mutum 73,295 suka shiga kallon wasa da Sunderland, ba a sake tara irin wannan jama'a ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe filin ta maida shi sansanin masu aikin ceto, bom ya cinye rufin ɓangaren arewa wato North Bank, Arsenal ta koma aron filin Tottenham, rufin bai dawo ba sai 1956. Matasan Manchester United ɗin da hatsarin jirgi ya rutsa dasu a Munich, wasansu na ƙarshe a ƙasar Ingila nan suka buga shi ranar 1 ga Fabrairu 1958, suka ci 5-4, kwana biyar kafin abun ya faru. Har Muhammad Ali ya taka wajen, ranar 21 ga Mayu 1966 ya kare kambunsa na duniya a hannun Henry Cooper, aka tsaida damben a turmi na shida saboda jinin da ke zuba a saman idon Cooper.

Mu kuma ta hannun Kanu muka shiga gidan. Ni dai a unguwarmu kafin 1999 ba kowa ya damu da Arsenal ba, zuwan Kanu daga Inter Milan ne ya juyo da hankalin jama'a, kuma wasansa na farko ma a Highbury sai da ya bar tarihi. Kofin FA ne da Sheffield United a Fabrairun shekarar, golansu ya fitar da ƙwallo waje don a duba ɗan wasansu da ya ji ciwo, Ray Parlour ya jefa musu ita kamar yadda aka saba, Kanu da shigowarsa kenan bai fahimci abun da ake ciki ba ya ɗauke ta ya miƙa wa Overmars ya zura. Arsenal taci 2-1, Arsene Wenger yace wannan cin bai halatta ba a sake wasan, aka sake bayan kwana goma suka sake ci 2-1. Daga shi sai Lauren na Kamaru da Kolo Toure na Kwaddebuwa, har zuwa kakar 2003-04 da suka buga wasa 38 ba a doke su ba, nasara 26 canjaras 12, kuma wasan da ya rufe kakar a Highbury da Leicester ne, 2-1, sak irin na ranar farko a 1913.

To ina matsalar ta faro? Ranar 15 ga Afrilu 1989 a filin Hillsborough da ke Sheffield aka yi turmutsutsu a ɓangaren 'yan tsaye, magoya bayan Liverpool suka matse a jikin shingen ƙarfe, rayuka 97 aka rasa a sanadiyyar abun. Anan dole a yaba wa Arsenal, don duk da matsin da hukuma tayi a shekarun 1980 sun ƙi kafa irin wannan shinge tsakanin 'yan kallo da fili, har hakan ya jawo bayan 1984 aka daina basu wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA sai a 1992. Amma rahoton Mai Shari'a Taylor da ya fito a 1990 bai ware kowa ba, aka ce duk manyan filaye kowa ya samu kujerarsa, ba sauran tsayuwa. Dokar nan ta ceci rayuka, babu mai hankalin da zai yi jayayya da ita. Sai dai inda mutum uku ke tsayawa kujera biyu ma da ƙyar take shiga, filin da ke ɗaukar kusan 57,000 ya dawo 38,419.

A 1992 aka rushe tsohuwar North Bank, kuma nan ne nake cewa rasuwar ta fara. Wannan ɓangaren shine zuciyar filin, matattakalar siminti ce kawai, nan leburori da direbobi da 'yan makaranta ke tsayawa da kuɗi ƙalilan a biya a bakin ƙofa, uba ya ɗora ɗansa a wuya, kowa yasan inda abokansa ke tsayawa shekara da shekaru ba tare da an rubuta sunan kowa ba, daga nan waƙa ke tashi ta zagaye filin. Da za a gina sabuwa sai kulob ya fito da wani tsari, ka biya fam 1,100 zuwa 1,500 kafin ma ka samu damar sayen tikitin kaka a wajen. Magoya baya suka yi bore amma aikin gama ya gama. Kakar da ake ginin an rufe wajen da wani ƙaton allo da aka zana 'yan kallo a jiki, shi ma ya jawo surutu don da farko ba a ga baƙar fata a zanen ba alhali unguwar cike take dasu, sai da aka sake fenti. Sabuwar rumfar da aka buɗe a 1993 tayi kyau ƙwarai, amma da yawa daga masu tsohuwar basu dawo ba, kuɗin ya fi ƙarfinsu. Ba a jima ba abokan hamayya suka fara kiran filin da laburare saboda shirun da ke cikinsa, a lokacin da kuma ake buga ƙwallon da ba a taɓa buga mai kyanta ba a wajen.

Daga nan lissafi ya karɓi zancen. Old Trafford na ɗaukar sama da 67,000 a farkon shekarun 2000, Highbury 38,000, duk wasan gida United na tafiya da ratar kuɗi mai yawa alhali albashin 'yan wasa kullum hawa yake. Arsenal ta gwada kai wasanninta na Kofin Zakarun Turai filin Wembley a kakar 1998-99 da ta bayanta, mutum sama da 73,000 suka zo wasan Lens, wato masu son shiga suna nan wajen zama ne babu. A faɗaɗa Highbury fa? Ta ina? Rumfar gabas gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe, sauran ɓangarorin kuma bayan gidajen mutane ne, ƙara kujera dubu goma na nufin rushe layin gidaje, makwabta suka ce basu yarda ba, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, mutum da gidansa. Dokar da aka yi don kare ginin ita ta taimaka wajen fitar da ƙwallon daga cikinsa, wannan shine ƙullin da har yau ban ga wanda ya warware shi ba.

Abun da zan yaba shine basu gudu bayan gari ba kamar yadda aka basu shawara. Sun samu wani fili a Ashburton Grove, wajen tara shara da ƙananan masana'antu, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tsohon gida, suka gina mai ɗaukar 60,000 a kan fam miliyan 390, kamfanin jirgin Emirates ya sayi sunan. Kuɗin shiga na ranar wasa ya tashi daga kusan fam miliyan 44 a kakar ƙarshe ta Highbury zuwa kusan miliyan 90 a kakar farko ta sabon filin. Amma bashin ya sha jinin kulob, Henry ya tafi, Adebayor da Toure suka bi, Fabregas da Nasri da Van Persie duk aka sayar, daga 2005 har 2014 ko kofi ɗaya babu, duk wanda ya zauna a gidan kallo a shekarun nan yasan irin gorin da muka sha.

Ranar bankwana, Lahadi 7 ga Mayu 2006, ina gidan kallon unguwarmu, rumfar kwano ce zafi kamar gidan burodi, janareta na ruri a baya, mai gidan ya jera talabijin biyu, ɗaya Arsenal da Wigan ɗaya West Ham da Tottenham, don in Tottenham taci su zasu ɗauke gurbi na huɗu. Arsenal na sanye da jar riga mai duhu irin ta 1913 da suka saka duk kakar. Pires ya fara ci, kafin mu gama murna Wigan ta farke ta ƙara, rumfa tayi tsit kana jin ƙarar fanka. Sai Henry ya tashi, ɗaya, biyu, ta uku fenariti a gaban North Bank, yana zura ta ya durƙusa ya sumbaci ciyawa. Can a ɗaya akwatin kuma Benayoun na West Ham ya ci Tottenham da 'yan wasanta da yawa suka kwana da ciwon ciki. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zama a bencin gaba kullum, wanda tun a rediyo yake bin Arsenal kafin zuwan dish, naga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yayi shiru har aka watse, bai taɓa zuwa Landan ba kuma bai taɓa sa ran zuwa ba.

Bayan nan aka yi gwanjon kayan filin, ciyawa da turakun raga da teburan ofis, kujerun ne ma aka fasa sayarwa da aka gano akwai wani sinadari mai guba a jikin robar. Aka rushe North Bank da Clock End, aka bar bangon rumfar gabas da ta yamma aka fafe cikinsu aka zuba gidajen kwana sama da 600, filin wasan ya koma lambu, aka sa wa wajen suna Highbury Square aka buɗe a 2009. In ka kwatanta da Maine Road na Manchester City ko Upton Park na West Ham da aka baje su ƙasa gaba ɗaya, Highbury ya yi sa'a. Akwai ma magoya bayan da a al'adarsu ta ƙona gawa suka bar wasiyya a zuba tokarsu a filin, an ware musu wajen tunawa a cikin lambun. Agogon an kai shi Emirates, a 2010 kuma aka maida sunayen North Bank da Clock End a sabon filin bayan magoya baya sun daɗe suna ƙorafin wajen bai yi musu kama da gida ba. Amma abun da doka ta iya karewa bango ne da taga da harafi, bata da sashen da zai kare tikiti mai arha ko wajen tsayuwar da mutum ya gada daga babansa, kuma jikokin masu tsayuwa a North Bank ɗin kaɗan ne cikinsu zasu iya sayen ɗaki a Highbury Square.

Sau ɗaya Allah ya kai ni wajen, wata tafiya ta aiki, ranar ma akwai wasa. Ka sauka a tashar Arsenal, a jikin bangon dandamalin har yanzu tsohon sunan Gillespie Road na nan rubuce da tayil, ka hau wata doguwar hanya mai gangara ka fito, ƙofar tashar kanta a matse take tsakanin gidaje kamar shagon unguwa. Jama'a duk dama suke yi zuwa Emirates, ni nayi hagu, na bi layin gidaje masu jan bulo da kwandunan shara a ƙofa har na juya Avenell Road, sai ga farin bangon ya taso a gabana, tsallaken titi kuma labulen falon wani ne, tsakaninsu bai fi taku goma sha biyar ba. Wata mata ta zo da ledojin cefane ta buɗe ƙofar zauren ta shige, na hango kan Chapman kafin ƙofar ta rufe. Lambun na masu gidajen ne, baƙo sai dai leƙe. Ina tsaye wani tsoho da jan gyale a wuya ya iso riƙe da hannun wata yarinya da bata wuce shekara bakwai ba, ya nuna mata wata taga a sama yana mata bayani, ya dafa bangon da tafin hannunsa, sannan ya duba agogo suka juya da sauri don saura minti ashirin a take wasa.